Jawabi a kan hayar ɗaki a birnin Dutse



Ya ku malamai da almajirai na Taura, ku saurara. A zamanin iyayenmu, baƙo idan ya sauka gari, zauren mai unguwa ne masaukinsa, ko gidan fatoma, ba wanda ke tambayarsa kuɗin ɗaki. To zamani ya juya. Tun da aka yanke Jihar Jigawa daga Kano a shekarar 1991, Dutse ta zama babban birni, ma'aikata suka cika ta. A 2011 kuma aka kafa Jami'ar Tarayya, ɗalibai suka ƙaru. Gonakin da ke kewaye da gari suka zama gidaje, ɗaki ya yi tsada, mai gida bai san ɗan hayarsa ba, sai dillali a tsakani.

Abin da ya sa na tashi da wannan magana, ni ganau ne. Ƙanena ya kama ɗaki biyu a unguwar Takur, ya biya kuɗin shekara a hannun dillali, ba takarda, ba shaida. Na ce masa ya rubuta, ya ce kunya yake ji, mai gidan dattijo ne. Wata huɗu da shigarsa Allah ya karɓi ransa. Matarsa tana cikin takaba aka aiko mata ta tashi, wai haya ta mutu da mai ita, an sami wanda zai biya fiye. Na je da kaina. Dillali ya ce kuɗin wata shida ya sani. Da me zan ƙaryata shi? Da ƙyar limamin unguwa ya roƙa aka bar ta ta fita takaba, sannan muka kwaso ta da marayu zuwa Taura.

Alhali kuwa hukuncin yana cikin littafin da muke karantawa kullum. Risala ta Ibn Abi Zaid, a babin ciniki, ta bayyana cewa ijara tana halatta idan an yanka ajali an ambaci lada, kuma haya ba ta warwarewa don mutuwar mazaunin gida. Gaskiya tana wajenmu, hujja ce muka rasa. Kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka.

Saboda haka, ya ɗan'uwa, kada ka miƙa kuɗi sai an rubuta sunan mai gida da naka, da ranar shiga da ta fita, da adadin kuɗi, da wanda gyaran rufi da kuɗin ruwa da wuta suke kansa, shaidu biyu su sa hannu. Ko da ajami ne, rubutu ne. Ku kuma masu gidaje, ku ji tsoron Allah: ɗan haya maƙwabci ne, yana da haƙƙin maƙwabtaka.

Allah ya sa mu yi aiki da abin da muka sani.