Babban Nozul Ba Shi Ne Ƙarfin Mota Ba

 Yau maganarmu a kan nozul ce, ɗan ƙarfen nan da ke fesa mai cikin inji, wanda masu Faransanci ke kira anjektar. Kada mai shanu ya ce ba ruwansa da zancen kanikawa. Ranar da motar da ta ɗauko shanunka daga kasuwar Adumri ta mutu a daji cikin zafin watan Afrilu, ranar za ka san da ruwanka.

Motocin safararmu kaɗan ne suke yadda kamfani ya ƙera su. An ƙara sifirin, an ɗaga bodi, wani ya sauke injin asali ya ɗora ɗan Beljiyam, wani ya liƙa tobo. Da mota ta fara nishi a hawa, sai a ce wa mai ita, "Alhaji, a sa mata babban nozul ta ja." To, a tsaya tukuna.

Inji da mai da iska yake aiki, kamar murhu. Ka cika murhu da itace ka toshe masa iska, hayaƙi za ka samu. A injin fetur, kilo ɗaya na mai yana neman iska wajen kilo 14.7 kafin ya ƙone tsaf. Ka ƙara mai ba ka ƙara iska ba, ragowar ta fita ta salansa, wata kuma ta gangara ta wanke jikin silinda, ta tsinka baƙin mai, ringi ya cinye. A injin gas kuwa, wato gazuwal, abin ya fi muni: baƙin hayaƙi, zafi ya hau, fistin ya tsage ko ya narke. Kuma ku tuna hawan dutsen nan na hanyar Ngaundere bayan an wuce Mbe. Garwa tana kwance a kwarin Binuwai, Ngaundere kuwa ta haura mita 1,000 a sama. Iskar can ta fi ta nan sauƙi, a daidai wurin da injin ya fi shan wuya. Motar da aka cika wa mai, a nan take tona asirin kanta.

Yaushe ne babban nozul yake da amfani? Sai in an riga an ƙara wa inji iska, misali an sa tobo, har nozul na asali ya kasa ciyar da shi. Ga lissafin motar fetur. Ana auna nozul da yawan cc ɗin da yake fesawa a minti ɗaya, kuma ba a son ya yi aiki fiye da kashi 80 cikin 100 na iyawarsa. A kan haka, kowane doki ɗaya na ƙarfin inji yana neman cc shida zuwa bakwai. Inji mai silinda huɗu da doki 120, kowace silinda doki 30 ke nan, nozul mai cc 200 ko kusa da haka ya ishe shi. Ka sa masa mai 400 ba ka gyara ƙwaƙwalwar motar ba, ita za ta buɗe shi tsawon lokacin da ta saba, mai ya kwararo fiye da kima. Akwai kuma zancen wuta: wani nozul yana da om 12 zuwa 16, wani 2 zuwa 4. Ka sa na biyun a gurbin na farkon, kana iya ƙone ƙwaƙwalwar. Bakanike mai mita zai auna maka a minti biyu.

Masu Hilux da Land Cruiser, ku fara sanin injinku. Tsofaffi irin su 5L da 1HZ nozul ɗinsu na sifirin ne, ana kwance shi, a sa a kan injin gwaji, a ga ƙarfin da yake buɗewa da yadda yake fesawa. In yana ɗiga kamar hancin mai mura, a sauya bakin, a daidaita shi. Amma D-4D, wato 1KD da 2KD, man yana zuwa da matsi fiye da ba 1,000, kuma nozul ɗin Denso na yawancinsu yana ɗauke da lamba da sai an shigar wa ƙwaƙwalwar motar da kwamfuta. Wanda ya ɗaura ya ce "shi ke nan, tayar," bai gama aiki ba. Sannan wasan tagullar da ke ƙarƙashin nozul, duk lokacin da aka kwance a sa sabo. In ya huda, hayaƙi ya shiga baƙin mai, ya daskare, ya toshe matatar famfon mai, injin ya buga. Abin 'yan kuɗi kaɗan ya ci injin miliyoyi.

Sai man da muke sha. Tun da aka cire tallafin fetur a Najeriya ranar 29 ga Mayu, 2023, zuwa-zuwa ya daina arhar da muka sani. A nan Kamaru ma, a Fabrairun 2024 litar fetur ta koma sefa 840, gazuwal 828. Mu ɗauka nozul ɗin da bai dace ba ya ƙara wa motarka lita biyar a kowane kilomita 100. Garwa zuwa Ngaundere da dawowa wajen kilomita 560 ne, lita 28 ke nan, sama da sefa 23,000 a tafiya ɗaya. Mai kaya ne zai biya, a cikin kuɗin ɗauko.

Kuma man jarka yakan zo da ruwa da ƙasa, wani har da kananzir. Ramin nozul bai kai kaurin allura ba. Sau da yawa motar da ake cewa ba ta ja, matatar mai ce ta toshe, ko ƙurar hunturu ta cika matatar iska. A fara da waɗannan, a tace mai kafin a zuba, a zubar da ruwan da ke taruwa ƙarƙashin filta.

In sayen ya zama dole, a garejin Garwa ne, ko Jimeta, ko Ƙofar Ruwa a Kano, tafi da tsohon a hannunka, a haɗa lamba da lamba. Sayi saiti guda, kada ka gauraya. Ka ce a gwada a gabanka kafin kuɗi su fita, don jabu ma kwali mai kyau yake zuwa da shi.

Kai kuma Arɗo, kafin shanu su hau, ka sa direba ya tayar ya taka mai. In baƙin hayaƙi ya turnuƙe bai washe ba, nemi wata motar, ko da ta fi tsada.

Allah ya kiyaye hanya, ya tsare dukiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.