Sankarar Cikin Ido: Ina Take Nufa In Ta Bar Gidanta?



Maganar da zan yi yau a kan wata irin sankara ce da likitoci ke kira melanoma, wadda ke tsirowa daga ƙwayoyin da ke ba ido launinsa. Kusan tara cikin goma, takan fara ne a shimfiɗar jijiyoyin jini da ke bayan tantanin gani. Ta fi kama manyan mutane fararen fata. A cikin baƙar fata ba kasafai ake ganinta ba.

Duk wanda aka gaya wa yana da ita, abin da yakan fara tambaya shi ne ko za ta tsallaka ɗaya idon. Ba a ga laifinsa ba, domin mun saba da afolo, wanda in ya kama ido ɗaya da safe, kafin a kwana biyu ya sallamo wa ɗan'uwansa. To, amma melanoma ba haka take ba. Tsallakawarta ɗaya idon abu ne mai wuyar aukuwa ƙwarai. Gaskiya ne jijiyoyin gani biyu suna haɗuwa a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, sai dai da wuya ta bi wannan hanya. Wadda ke bin jijiyar gani ita ce sankarar idon yara ƙanana, mai sa baƙin ido ya yi fari, kuma ita ce asibitocinmu suka fi sani. Ko ita ɗin ma, in an same ta a ido biyu, ba tsallakawa ta yi ba. Gado ne ya sa kowane ido ya tsirar da tasa, kamar yadda Alfred Knudson ya bayyana a 1971.

Makwabtan ido kuwa ba su tsira ba. Farin ido ganuwa ce mai ƙarfi, amma tana da ƙofofi inda jijiyoyi ke shiga da fita, kuma ta nan ƙarin kan sulale zuwa kwarmin ido. In ya kai nan da yawa, cire ido kaɗai ba ya wadatarwa, sai an kwashe naman da ke kewaye da shi.

Babban haɗarin yana nesa da fuska. Cikin ido babu hanyoyin kaluluwa, saboda haka jini cutar ke bi, kuma a mafi yawan waɗanda ta bazu a jikinsu, hanta take sauka. Kusan rabin masu ita haka kan same su, wani lokaci bayan shekara goma ko fiye, alhali an daɗe da warkar da idon.

Wannan ya haddasa doguwar muhawara. A 1978 Lorenz Zimmerman da abokan aikinsa suka yi zargin cewa cire idon ne ke watsa cutar cikin jini. Wani babban bincike a Amurka da Kanada, wanda sakamakonsa ya fito a 2001, ya nuna cewa ga ƙari matsakaici, da a cire idon da a ɗinka masa faifan da ke ƙona ƙarin da haske mai ratsa jiki, yawan masu rayuwa ɗaya ne. A ganina ma'anar wannan a fili take: sau da yawa irin cutar ya riga ya bar ido tun kafin likita ya gan ta. Shi ya sa, ko bayan an gama da idon, akan ci gaba da ɗaukar hoton hanta duk wata shida ko duk shekara.