KUN TAMBAYA, MUN AMSA: An Ba Ka Turmi, Ina Taɓarya?

 

Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani manomi a ƙasar Dambatta, wanda kan taɓa sayar da hatsi a kasuwar Dawanau. Bayan gaisuwa, ya ce marigayi mahaifinsa ya bar musu kaset goma sha ɗaya. A ciki akwai karatunsa, akwai kuma inda ya fayyace iyakar gonakinsu da bakinsa. Ɗaya ya riga ya tsinke. Ya shigo birni don a mayar masa da sauran cikin waya, sai wani mai shago ya ce sai ya fara biyan kuɗin manhaja. Ɗansa kuwa ya ce akwai ta kyauta, amma sun yi ta fama ta ƙi zama a kwamfuta. To shi ne yake tambaya, da gaske ne akwai ta kyauta? In akwai, ba kayan sata ba ne? Kuma me ya sa sa ta ke da wuya haka?

To Malam, Allah ya jiƙan mahaifi, ya sa ya huta. Ɗanka ya faɗi gaskiya. Manhaja dai ita ce umarnin da ake zuba wa kwamfuta ko waya don ta san aikin da za ta yi. Wadda ta dace da bukatarka sunanta Audacity. Wasu masana biyu, Dominic Mazzoni da Roger Dannenberg, suka fara ta a jami'ar Carnegie Mellon ta ƙasar Amurka, aka sake ta ga jama'a a shekarar 2000. Tana ɗaukar murya, tana yankewa, tana haɗawa, tana kuma rage shuuu ɗin nan da tsohon kaset ke yi.

Na san za ka ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Haka ne. Amma wannan ba ta sata ba ce. Kai manomi ne, ka san bambancin irin da sai ka saya kowace shekara da irin gero na gado, wanda za ka ajiye, ka ɗiba wa maƙwabci, shi ma ya zaɓi zangarniya mai kyau ya inganta. To ita wannan irin na biyun ce. Masu ita sun sake ta a ƙarƙashin wata yarjejeniya da ake kira GPL, wadda wani Ba'amurke, Richard Stallman, ya fitar a 1989. Yarjejeniyar ta ce kowa na iya amfani da ita, ya kwafa, ya ba wani, har ya gyara, muddin in ya raba abin da ya gyara bai rufe wa na gaba ƙofa ba. Saboda haka ka kwantar da hankalinka, babu haƙƙin kowa a kanka.

Sai batun wuyar sa ta. Nan kam kun yi gaskiya, ni ma ta taɓa ba ni kunya. Shekarun baya, wani tsoho a unguwarmu cikin birni ya ba ni kaset na tafsiri in juya masa. Na zauna a wani shago wajen Ƙofar Wambai, na ɗauki karatun nan tsaf, na zo adana shi a matsayin MP3, wato irin sautin da kowace waya da rediyon memori ke karantawa. Sai kwamfuta ta ce a'a, sai na je na nemo wani ɗan guntun abu mai suna LAME. Turanci ne cunkus a allo, ga wuta an ɗauke, ga mai janareto yana duban agogo. Haka na koma wa tsohon nan hannu rabbana. An ba ni turmi, an riƙe taɓarya.

Ba mugunta ce ta sa suka yi haka ba. Fasahar MP3 tana da masu ita, cikinsu har da cibiyar bincike ta Fraunhofer da ke Jamus, kuma doka ta ba su ikon karɓar kuɗi daga mai sa ta cikin kayansa. Masu Audacity kuwa a lokacin 'yan sa kai ne, ba su sayar da komai, sai suka bar wa kowa ya nemo guntun da kansa. A 2017 wa'adin wannan iko ya ƙare. A 2019 suka fitar da sabon zubi, turmi da taɓarya a buhu guda. In shekarun baya kuka gwada, ko kuwa tsohon zubi aka ba ɗanka, to ga inda gizo ya yi saƙa.

Akwai wani tarkon kuma. Da sunanta ya yi tashe, sai 'yan damfara suka riƙa yin jabu suna sayarwa da sunan. Wannan ya sa a 2022 masu ita suka kai ta gaskiyar cikin shagon manhajoji na Microsoft, don mai kwamfuta ya same ta da taɓawa ɗaya. Ku kuma lura da kyau, Audacity ta kwamfuta ce. Duk wanda ya ce zai sa maka ita a wayar Android, wani abin daban zai sa maka.

Ga abin da za ku yi. Ɗanka ya sauko da sabon zubi daga gidan masu ita, wato audacityteam.org, ko daga shagon da na ambata. Ba ta kai nauyin fim ɗaya ba. Ya adana ta a filashi, don daga nan ana iya sa ta a kwamfuta goma ba tare da an sake sayen data ba. Sai a sami rikoda mai lafiya, a goge kanta da auduga, a fara gwada ta da kaset ɗin da ba a damu da shi ba, kada ta tauna na Baba. A ja waya daga ramin abin sauraro na kunne zuwa ramin shigar sauti na kwamfuta. In kwamfutar ba ta da shi, akwai ɗan abin da ake soka mata a ramin filashi, ana samu a kasuwar Farm Centre. A danna jan maɓalli, a kunna kaset. Kaset mai minti 60, minti 60 zai ci, babu gajeriyar hanya. Ku fara da na iyakar gona, kuma shi kada a yanke ko kalma ɗaya. Ku yi kwafi uku, a raba wa 'yan'uwa, ku adana kaset ɗin asali inda babu zafi ko laima. Wanda ya tsinke ma kada a yar, masu gyaran rediyo na iya liƙa shi.

Wajen saurare a waya kuwa, ku nemi VLC. Ita ma irin ta gado ce, ɗalibai ne suka fara ta a wata makarantar injiniya ta Faransa, aka sake ta ga kowa a 2001. Abin da ya sa ta karɓu shi ne ta zo da kayan aikinta duka, ba ta aika ka neman komai.

Sai ku 'yan'uwana masu turin waƙa da wa'azi a shagunan Kurmi, Ƙofar Wambai da Mandawari. Masu manhaja sun sauke nasu nauyin, saura namu. Mutumin ƙauye ba ya karanta Turancin allo, kai ne idonsa. Ka karɓi ladan aikinka, kuɗin wuta da na zama, wannan halak ɗinka ne. Amma ka gaya masa gaskiya cewa kuɗin aiki ne, kada ka ce manhajar sai an saya. Ka sa masa, ka nuna wa ɗansa maɓalli uku, na ɗauka, na tsayarwa, na adanawa. Yarjejeniyar ma ta yarda a fassara ta, don haka ɗalibanmu na Jami'ar Bayero, ga aikin lada yana jiranku.

Malam, kaset ba ya jiran kowa, kullum zafi da ƙura suna cin sa. Kada ka ce sai bayan girbi. In an gama, ka rubuto mana mu ji.

Nan za mu dasa aya, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.