Borin jinin da ke toshe numfashi

Kafin mu buɗe akwati yau, ku ba ni minti biyar.

Duk mun san borin jini: jiki ya yi ruɗu-ruɗu, a sha Piriton, ya lafa. To, akwai mai kisa. Zuma ko rina ta harbi mutum, ko ya ci gyaɗa ko riɗi, ko an yi masa allurar penisilin, kafin a ankara leɓe da harshe sun kumbura, murya ta dishe, numfashi na fita da ƙyar, jiri na ɗibarsa. Wannan ya fi ƙarfin Piriton. Kada a ɗura masa nono ko manja, shaƙewa zai yi.

Maganinsa allurar adirenalin ce. Akwai mai kama da biro, wadda likita ke rubuta wa mai wannan larura. A cire murfin, a danna ta da ƙarfi a gefen cinya ta waje, ko ta kan zani ne, a riƙe a ƙirga goma. In bayan minti 5 babu sauƙi, a yi ta biyu. A karkararmu da wuya a same ta, ma'aikacin lafiya ne ke zuƙo maganin daga kwalba ya yi a cinya.

A kwantar da shi, a ɗaga ƙafafunsa, kada a tsayar da shi. Mai ciki ta kwanta ta hagu. Ko ya warware, a kai shi asibiti, don abin yana dawowa.

Daga ƙauyukan Gagarawa ko Sule Tankarkar zuwa Babban Asibitin Gumel akwai tafiya. Shawarata, asusun taimakonmu ya biya kuɗin mota nan take, lissafi daga baya. Sakatariya, satin nan ki je asibitin shakatafinmu ki tambaya ko suna ajiye adirenalin.