Kasuwarmu Cikin Wayar Salula: Jawabi Ga Teloli Da Masu Aikin Hannu Na Bakin Iyaka



Iyayenmu sarakunan sana'a, iyayenmu mata masu surfani da saƙa, ƴan'uwana teloli, dukawa, marina, maƙeran fari da samari masu zane, barkanku da zuwa. Na san da yawanku kun rufe shago, kun bar aiki a kan keke, don haka ba zan tsare ku da dogon zance ba. Magana ɗaya ce ta tara mu: yadda za mu kafa kasuwa tamu ta kanmu cikin wayar salula, inda telan Ɗan Isa ko badukun Damagaram zai baje kayansa, mai saye na Yamai ko Kwatano ko Katsina ya gani, ya taya, ya biya, kaya su same shi har gida.

Bari mu fara da abin da kowa a nan ya ɗanɗana. Ran 7 ga watan Yuli na 2019 shugabannin Afirka suka taru a Yamai, suka ƙaddamar da kasuwar bai ɗaya ta nahiyar nan. An yi biki, an gyara filin jirgi, an gina manyan otal. Ba a cika wata biyu ba, cikin watan Agusta, Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. Muna cikin wannan sai ga korona a watan Maris na 2020, aka taƙaita tafiye-tafiye da tarukan biki. Sai ran 16 ga watan Disamba na 2020 aka buɗe ƙofofi huɗu, cikinsu har da Illela mai kallon Ƙonni da kuma Maigatari. Ƙofar Jibiya, wadda Maraɗi ke shaƙar iska ta cikinta, ba ta cikin huɗun. Wata 16 ke nan.

Cikin watannin nan, mai sayar da shinkafa ya yi kuka an ji shi. Tela kuwa kukansa a ciki ya tsaya. Alhajin da ya saba ƙetarowa ya ba da ɗinkin Sallah bai zo ba. Hajiyar da ke sayen zannuwan gado da kayan ɗakin amarya ba ta zo ba. Ga naira ta faɗi a 2016, ta ƙara faɗuwa a 2020, kayan da aka yi wa kuɗi da sefa suka yi wa maƙwabtanmu tsada. Darasin a fili yake: wanda duk cinikinsa ke bi ta ƙofa ɗaya, ran da aka rufe ta ya zauna.

Ba kayan sayarwa muka rasa ba. Fatar jar akuyar Maraɗi ta yi suna wajen majema har ƙasashen Turai. Dukawan Damagaram, tukwanen Mirya, azurfar maƙeran Agadas, hulunan da matanmu ke yi wa aiki da allura zaune cikin gida, babbar riga mai aska takwas, duk wannan namu ne. Ɗan ƙasar nan, Alphadi, ya kafa bikin FIMA a 1998, ya kai manyan masu ɗinki na duniya cikin hamada kusa da Agadas. Akwai baje kolin SAFEM na sana'ar mata, akwai ƙauyen masu sana'a na Wadata a Yamai. Madalla da su. Amma baje koli kwanaki ne ƙalilan, kuma daga Maraɗi zuwa Yamai ya haura kilomita 600. Mace mai ƴaƴa biyar da keke ɗaya ba za ta biya kuɗin mota da masauki da rumfa ba don ta sayar da riguna goma.

Wani zai ce: ai muna sayarwa ta WhatsApp da Facebook. Gaskiya ne, kuma waɗanda suka iya wannan su ne suka ɗan numfasa lokacin rufe iyaka. Sai dai hoton da ka ɗora, waɗanda ke da lambarka su ke gani, wato danginka da abokanka. Baƙon da bai san ka ba yana tsoron cinikin biri a sama: ya tura kuɗi, kaya ba su zo ba, ko su zo ba irin na hoto ba. Kai ma kana tsoro: ka yanka shadda, ka ɗinka, ka aika, mutum ya kashe waya. Wannan tsoro na ɓangare biyu shi ne kasuwar da muke magana za ta yi wa magani. Ga yadda za ta yi aiki.

Na farko, masu ita. Ƙungiyar masu sana'a ce za ta mallake ta, da rajista, da asusu, da shugabannin da ku za ku zaɓa ku kuma sauke. Ba ta jam'iyya ba ce, ba ta wani attajiri ba ce. Duk mai son shiga, mutum biyu cikin sana'arsa su tsaya masa, su ce mun san shi, mun san aikinsa. Kuma sharaɗi ɗaya ba ya canzawa: abin da hannunka ya yi shi za ka sayar. Mai sarin kayan Dubai ko na Sin yana da rumfarsa a babbar kasuwa, nan ba wurinsa ba ne.

Na biyu, shago. Kowane mai sana'a zai sami shafinsa da sunansa da garinsa da hotunan aikinsa da farashi a rubuce. Kowane kaya hoto uku: gaba, baya, da kusa inda za a ga zaren aiki. A ɗauka da hasken safe ko na la'asar, a jikin bango fari, kada a ƙara wa launi armashi. In yadin ɗan China ne a ce ɗan China ne, in Getzner ce a ce Getzner ce. Wanda bai yi lakwal ba kada ya ja baya. Dole kasuwar ta yi magana da Hausa, ta karɓi saƙon murya, kuma a kowace unguwa a sami yaro ko yarinya ɗaya da aka koya wa ɗaukar hoto da ɗora kaya, ana biyan su kan kowane aiki. Ta haka matar da ba ta fita ma za ta sayar da hularta da sunanta, ba da sunan wanda ya karɓa ya kai kasuwa ba.

Na uku, awo. Nan ne cinikin ɗinki daga nesa ya fi lalacewa. Mu yi takardar awo guda ɗaya wadda dukan telolinmu za su bi: tsawo, kafaɗa, ƙirji, hannu, wuya, ƙugu, da santimita, da zanen da ke nuna inda ake ɗora tef. Mai saye ya je wurin telan unguwarsu ya auna shi, ya turo. In an ɗinka bisa awon da ya turo, kuskure nasa ne. In tela ya kauce wa awo, gyara a wuyan tela yake.

Na huɗu, kuɗi, kuma nan ne zuciyar maganar. Mai saye ba zai tura kuɗi kai tsaye ga mai kaya ba. Zai tura cikin asusun ƙungiya ta Airtel Money ko Flooz, ko ta gidajen aika kuɗi da kowa ya sani irin su Al Izza da Nita. Kuɗin su zauna amana. In ɗinki ne na oda, a sakar wa tela kafin alƙalami na sayen yadi da zare, sauran sai kaya sun isa, mai saye ya duba ya ce ya yarda. In an yi saɓani, dattawa uku na sana'ar su dubi hoto da awo da kayan, su yanke cikin mako guda. Wannan ba baƙon abu ba ne. Aikin da fatoma ke yi wa fatake tun kakanninmu ke nan, mu dai mun sa shi cikin waya ne.

La'adar fa? Bari in ba da misali. A ce an tsayar da biyar cikin ɗari. Riga ta jika 25, ƙungiya ta ɗauki jika ɗaya da dala hamsin, sauran naka ne. Da wannan za a biya mai kula da na'ura da kuɗin intanet da talla. Ku gwada da yadda ake yi yau, inda hular da mace ta yi makonni tana tsokana da allura ke bi ta hannu uku ko huɗu kafin ta hau kan mai ita, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kuma a riƙa karanta lissafin asusu a bainar jama'a kowane wata uku.

Na biyar, kai kaya. Motocin Rimbo da STM da sauransu suna ɗaukar saƙo kowace rana tsakanin manyan garuruwanmu. In kowa ya kai ƙunshinsa shi kaɗai, tsada zai sha. In ƙungiya ta tara kayan mutum talatin ta aika rana biyu a mako, tana da bakin neman ragi. Gidan waya ma yana da tasa kasuwar ta intanet, Kaomini, kuma ba abin da zai hana mu zauna da su kan jigilar kaya. Ku tuna ƙasashe takwas ne ke cin sefa ɗaya da mu: mu, Benin, Togo, Burkina Faso, Mali, Kodibuwa, Senegal da Gine Bisau. Ɗan Nijar da ke Abijan yana son rigar Sallah irin ta gida, kuma ba ruwansa da ɗan canji. Wannan ita ce ƙofa ta biyu da muka ce muna bukata.

Akwai masu tsoron satar fasaha, su ce in na ɗora zanena gobe wani ya kwafa. Za a kwafa, ko yau ma ana kwafa daga jikin mutane a wurin biki. Bambancin shi ne kasuwar za ta riƙe ranar da kowa ya fara ɗora aikinsa, shaida ke nan. Tsakanin membobi, wanda ya ɗauki hoton aikin wani ya ce nasa ne a kore shi, domin wake ɗaya ke ɓata gari. Ga manyan ayyuka kuwa, akwai ofishin haƙƙin mallaka na ƙasa, BNDA, ga masu zane da sauran masu fasaha, akwai kuma OAPI da ke Yawunde, wadda Nijar ke cikinta, mai rajistar tambari da fasalin kaya.

Dillalanmu kuma kada su ɗauka an zo raba su da abincinsu. Wanda ya san masu saye, ya san hanya, ya san duwan, shi ya fi cancanta ya zama wakilin ƙungiya a tasha ko a Jibiya da Katsina, da la'ada sananniya wadda ba a ɓoye ba.

Yanzu ga abin da ya fi ƙarfin ƙungiya, wanda sai hukuma. Wutar da Maraɗi da Damagaram ke sha, babban kasonta daga Najeriya take zuwa ta layin Katsina zuwa Gazawa. Ran da kuran ya ɗauke, injin surfani ya tsaya, waya ta mutu, oda ta makara. Sai batun shingaye. Tun 1979 dokar CEDEAO ta ce kayan sana'ar hannu na gargajiya su ƙetara iyakokin ƙasashenta ba tare da kuɗin fito ba. Wa ya taɓa ganin an karanta wa baduku wannan doka a bakin shinge? Sai batun fatanti da lanho: ƙaramar ƙungiya mai tasowa tana bukatar sassauci na shekarun farko, ba a tare ta da takardar biya tun ba ta sayar da riga ɗaya ba. Sai tsadar intanet da raunin layi a ƙauyukan iyaka. Waɗannan huɗu, duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'arku, namu ko na wasu, ku tsayar da shi ya ba ku amsa a kansu gaban jama'a, ku riƙe amsar.

Amma kada mu jira hukuma kafin mu motsa. Ɗinkin Sallah tun kafin azumi ake fara karɓarsa. Mu fara da mutum ashirin ko talatin waɗanda aka san su da cika alkawari, da lambar waya ɗaya ta ƙungiya, da littafin lissafi ɗaya, da takardar awo ɗaya. In ƙaramin ya tsaya da ƙafarsa, sai a nemi yaranmu da suka karanta kwamfuta su gina babban. Kafin ku tashi, kowace sana'a ta fitar da mutum biyu, namiji da mace inda ya yiwu, su ba da sunansu ga masu rubutu da ke bakin ƙofa. Kowa kuma ya zaɓi aikinsa uku mafi kyau ya ajiye, ranar ɗaukar hoto za a sanar ta bakin sarakunan sana'a.

Allah ya sa albarka cikin sana'o'inmu, ya ba mu zaman lafiya a iyakokinmu, ya mai da kowa gidansa lafiya. Wassalamu alaikum.