Ranar da fako ya yi kuɗi



Kowane ɗan kasuwa ya san tiya. Da ita ake awo, amma ba kasafai ake tambaya ko ita kanta daidai take ba. Haka tunanin al'umma yake: akwai ma'aunin da muka gada, muna auna kome da shi, ba mu auna shi. Wani masani ɗan Amurka, Tomas Kun, ya nuna a littafinsa na 1962 cewa ko malaman kimiyya sukan riƙe ma'auni guda shekara da shekaru, har abubuwan da ya kasa bayyanawa su taru, sa'an nan a yar da shi a ɗan lokaci. Ba sai mun je Amurka neman misali ba. Yana nan Adar.

Iyayenmu sun tashi da abu uku da ba a musu a kansu. Na ɗaya, manomin ƙwarai shi ne mai share gonarsa tas. Na biyu, itace na gwamnati ne: dokar daji ta 1974 ta kare irin su gawo, wanda ya sare sai tara, saboda haka manomi kan tumɓuke tsiro tun bai zama masa rigima ba. Na uku, fako ya mutu, ba a shuka a kansa.

Fari na 1973 ya girgiza wannan ma'auni, na 1984 ya fasa shi. A shekarar da ake kira El Buhari, ga rumbu wayam, ga iyakar Najeriya a rufe. A cikinta aka fara aikin Keita, da kuɗin Italiya da hannun hukumar FAO. Mata ne suka fi ɗaukar duwatsu suna tare ruwa a gangaren tuddai, domin maza sun tafi ci-rani.

A 1989 wasu manoman Illela suka je Yatenga, a Burkina Faso, suka ga ana haƙa ƙananan ramu a kan fako tun da rani, a zuba taki, ruwan sama ya taru a ciki. Suka dawo suka gwada, shi ne tassa. Damana ta 1990 ba ta yi kyau ba, amma hatsin da ke cikin tassa ya yi. Maƙwabci ya leƙa ya gani, bai jira takardar ofis ba. Kafin a daɗe, fakon da ko kyauta ba a so ya zama abin ciniki a Illela da Badagishiri. Ƙasar dai ita ce, idon da ke kallonta ne ya sake.

Haka ta faru a Maraɗi, inda tun 1983 Toni Rinaudo, mutumin Ostareliya, ya lura kututturen da ake sarewa kowace shekara itace ne mai rai. Manoma suka fara barin tsiro suna gyara shi. Bayan Babban Taron Ƙasa na 1991, dokar karkara ta 1993 da dokar daji ta 2004 suka ƙarfafa hakkin manomi a kan abin da ya raya. Masu bincike sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da suka sake yin itace a Nijar. Ku lura: manomi ne ya yi gaba, doka ta biyo sawu.

Ya ku ma'aikata, darasin naku ne kafin na kowa. Lakkwal ta koya mana cewa sani daga ofis yake sauka zuwa ƙauye. Nan kuwa daga gona ya hau. Wanda ya zo muku da abin da ba ya cikin takarda, ku je ku gani kafin ku yanke masa tara.

Ku kuma alhazai, yau abin da ba a musu a kansa shi ne arzikin ɗan Adar yana Abijan ko Libiya, gida wurin dawowa ne kawai. Wata ƙila haka ne. Amma an taɓa rantsewa cewa fako ya mutu. Shin sai wata yunwa ta zo kafin mu auna tiyar tamu?

Allah ya ba mu damana mai albarka.