RIƘO DA SABABI: WAJIBCIN KOYA WA YARA KARE KAI DAGA BALA'O'I

(Jawabin da aka gabatar ga malaman makarantun Islamiyya da na firamare a cikin Birnin Zariya)

 

Babu wanda ke zaune a nan da ya manta da ranar Juma'a, 11 ga Agusta, 2023, lokacin da wani sashe na Masallacin Juma'a na ƙofar fada ya rufta a kan jama'a suna cikin sallar La'asar. Waɗanda suka rasu ba su kasa 7 ba. Allah Ya jiƙansu, Ya karɓi shahadarsu. Wannan masallaci Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina shi cikin shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim. Ginin ƙasa mai irin wannan shekaru yakan nuna alama kafin ya faɗi, kuma Mai Martaba Sarki da kansa ya bayyana cewa an ga tsagewa a bangon kwana ɗaya kafin faruwar abin. Tambayar da nake son mu yi wa kanmu ita ce: a cikin yaran da muke karantarwa, waɗanda mafi yawansu a soron ƙasa suke kwana, mutum nawa ne zai ga irin wannan alama a ɗakin mahaifiyarsa ya san ma'anarta?

Na san abin da wasu za su ce: ai ƙaddara ce. Lalle ƙaddara ce, kuma imani da ita rukuni ne. Amma fakewa da ita domin barin sababi jahilci ne da ya shigo mana, ba daga magabata muka gaje shi ba. Sa'ad da Sayyidina Umar (RA) ya nufi Sham ya ji labarin annoba ta ɓarke a can, sai ya yi shawara ya juya da jama'arsa. Abu Ubaida (RA) ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya amsa masa cewa daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ga ƙaddarar Allah. Haka nan Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, sai Manzon Allah (SAW) ya yi umurni a riƙa kashe wuta lokacin barci. Shin akwai wanda ya fi shi tawakkali?

To, ina za a sanya wannan karatu? Ba sai mun jira sabon darasi daga hukuma ba. Darasin zamantakewa da ake koyarwa a firamare da ƙaramar sakandare ya riga ya ƙunshi maganar mutum da muhallinsa. Illar kawai ita ce mun mayar da shi hadda. Yaro zai karanto maka ma'anar ambaliya da Turanci ba tuntuɓe, amma bai san inda ruwan lungunsu yake bi ya faɗa Kamaca ba.

Shawarata ita ce malami ya mayar da birnin nan littafinsa. Ya fita da ajinsa kafin saukar damina, su zana taswirar unguwa: ga kududdufi, ga magudanar ruwa, ga inda aka cike kududdufin da shara aka yi gini a kai. Ya fahimtar da su cewa waɗannan ramuka, da kakanninmu suka haƙa domin ɗibar ƙasar gini, su ne matattarar ruwan sama. Idan an cike su, ruwa bai fasa zuwa ba, sai dai ya kwanta a gindin katanga. Ya nuna musu yadda danshi ke cin gindin bango, da yadda gara ke ƙwaƙule azara, da abin da ke faruwa idan indararo ya toshe ruwa ya kwana a kan soro a tsakiyar Agusta. In da hali a gayyato magini dattijo ya yi musu bayanin yaɓe. Wallahi ya fi mu sanin wannan babi.

Idan hunturu ya shigo sai a koma kan gobara: kaskon rushi a ɗakin da aka rufe ruf, da tukunyar gas, da fetur da ake ajiyewa cikin gida. Lungunanmu na cikin birni da yawa motar kashe gobara ba ta iya shiga, don haka maƙwabta su ne masu ceto na farko. A kuma gargaɗe su da abin da ya faru a Majiya ta Jihar Jigawa cikin Oktoba 2024, inda mutane fiye da 150 suka halaka wajen kwasar man tankar da ta faɗi.

Kada wani ya raina abin da yaro zai iya. A shekarar 2004, wata yarinya 'yar Ingila mai shekara 10, Tilly Smith, ta ga yanayin teku ya sauya a wani gaɓar ƙasar Tailan, ta tuna darasin da aka yi musu a aji makonni biyu kafin nan game da igiyar ruwan da girgizar ƙasa ke tayarwa. Ta sanar da iyayenta, aka janye mutane kusan 100 kafin ruwan ya iso.

Ina roƙon kowane shugaban makaranta da ke nan ya fara da ginin makarantarsa: a duba rufi da bango, a tabbatar ƙofar aji ba ta kulle da kwaɗo yara na ciki, a gwada musu fita cikin natsuwa sau ɗaya kowane zango. Malaman Fiƙihu kuma su haɗa kai da malaman zamantakewa, a tsara jadawalin kafin watan Mayu.

Allah Ya kiyaye mu da zuriyarmu.